Babi na 7: Tallar Sakan 30 a Shagon Tela

Cikin ayyukan da akan ɗora wa ɗaliban aikin jarida da na wasan kwaikwayo, babu wanda suke rainawa kamar haɗa talla. Malami zai raba aji rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya kawo talla ta bidiyo wadda ba ta wuce sakan 30 ba, ko minti ɗaya in ya yi sassauci. Sai ka ga fuskoki sun washe. A lissafinsu aikin ƙarshen mako ne: a ari kyamara ranar Asabar, a tace ranar Lahadi, a miƙa ranar Litinin. Sai an zauna gaban kwamfuta ake gane sakan 30 ba ya ɗaukar surutu. A tsarin talabijin na ƙasarmu hoto 25 ne ke wucewa cikin kowane sakan, wato 750 ke nan gaba ɗaya, kuma duk wanda bai yi aiki ba a cikinsu ya ci wurin wani. Fim mai tsawo yana yafe wa mai shi, in wannan fitowa ta yi sanyi ta gaba za ta rufa mata asiri. A talla babu wannan rangwamen.

Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan da ɗalibai ke zaɓa su tallata. Da yawansu ƙirƙirar kaya suke yi: turaren da babu shi a kowace kasuwa, ko lemon kwalba da aka liƙa masa sunan da aka ƙago daren jiya. Sai a aro motar yayan wani, a nemi gida mai fenti a Jiyare, a sa saurayi ya fito yana gyara wuyan riga a hankali, murya kuma tana magana da Turancin da ake kwaikwayon na Amurka. Hoton kan yi kyau, makin ma kan fito. Amma babu mai kayan da zai ce an yi masa ƙarya, babu mai sayen da zai ce bai gane ba, don haka ɗalibi ya gama aikin bai taɓa jin nauyin da ke wuyan mai yin talla ba. Ya koyi riƙe kyamara, ya bar abin da aka tura shi koyo.

Shi ya sa duk ɗalibin da ke Zariya, ko a Jami'ar Ahmadu Bello yake ko a Kwalejin Nuhu Bamalli, shawarata gare shi ita ce ya sauko Tudun Wada ya nemi mai sana'a na gaske.

Tudun Wada unguwa ce da baƙunta da ciniki suka gina. Farkon mulkin Turawa aka ware ta a wajen ganuwa domin 'yan Arewa da ba 'yan asalin birnin Zazzau ba, kamar yadda aka ware Sabon Gari domin mutanen Kudu. Tana nan tsakanin biyun, in ka fito ta Ƙofar Doka ka shige ta, in ka ƙetare Kubanni ka bar ta. Ga Kongo a gefenta, ga tsohon asibitin koyarwa da ya daɗe yana jawo jama'a kafin a koma Shika. Wanda ya taka da ƙafa daga Agoro ya ratsa kasuwa zai wuce teloli, masu gyaran waya, masu shayi, masu tsire, kemis, masu sayar da yadi, kafintoci, kuma kusan kowannensu yana da waya mai WhatsApp a aljihu, ba shi da wanda zai yi masa hoton da zai ɗora a kai. Zai kuma ji talla ta kowane ɓangare, domin Bahaushe bai jira talabijin ba kafin ya iya ta. Mai tura baro na rake yana da kiransa, dillaliya tana da salon da take buɗe ƙunshin atamfa a tsakar gida, sanƙira ya san inda zai ɗaga murya da inda zai sassauta. Waɗannan mutane sun daɗe da warware matsalar da ɗalibi ke fama da ita, wato yadda za ka tsayar da mai wucewa da kalma huɗu ko biyar. Ɗalibin da ya zauna awa ɗaya a bakin kasuwa yana saurare, ba ya ɗaukar komai, ya samu darasin da littafin da aka rubuta a Landan ba zai ba shi ba.

Tallar zamani ma ba baƙuwa ba ce a wannan gari. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 yana nan kusa, har titin da ya nufi can sunansa ya ɗauka. A shafukan jaridar kamfanoni suka riƙa gwada yi wa mai karatun Hausa tallar hajarsu. Bayan ita ga majigi, motar da ke zagaya garuruwa da daddare a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna finafinan gwamnati irin su Baban Larai, wanda aka shirya don a jawo hankalin manoma ga noman zamani. Shi ma in an bi ta ƙasa talla ne, sai dai ra'ayi yake sayarwa. A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki, talla ta samu murya ta shiga ɗakunan mutane.

Akwai kuma wani gado da ya fi waɗannan kusa da ɗalibi. Tun da aka fara koyar da wasan kwaikwayo a harabar jami'ar da ke Samaru a 1975, ƙarƙashin Michael Etherton, aka kuma gina dandalin wasa na ginin ƙasa da Steven Ehrlich ya zana, malaman wurin suka ɗauki wata hanya: ɗalibi ba zai zauna a ɗaki ya ƙago matsalar talaka ba, sai ya je ƙauye ko unguwa ya zauna da mutane, ya ji ta bakinsu, sannan a gina wasa. Haka aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, kuma malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka ci gaba da wannan tafarki shekara da shekaru. Abin da nake nema ga mai haɗa talla bai wuce wannan ba. A fara da sauraro.

Mu ɗauka rukuni ya zaɓi wani tela a ɗaya daga layukan Tudun Wada, azumi saura 'yan makonni. Zuwan farko ba a zuwa da kyamara. A yi sallama, a gaisa, a faɗi makaranta da abin da ya kawo su, a kuma faɗa masa tun farko cewa ba za a karɓi ko sisinsa ba, kuma in an gama tallar tasa ce. Sannan a yi tambayar da duk aikin ya rataya a kanta.

"Baba, telolin layin nan suna da yawa. Me zai sa mutum ya wuce kowa ya kawo maka ɗinkinsa?"

Amsar farko kusan kullum ɗaya ce. "Ai ɗana, ɗinkina mai kyau ne, ga sauƙin kuɗi." Kowane tela a duniya haka zai ce, don haka ba a samu komai ba tukuna. A nan ɗalibai masu gaggawa ke tashi su tafi su rubuta "inganci da rahusa", su kashe tallar tun ba a haife ta ba. Mai haƙuri zai gyara zama a kan benci, ya bar hira ta yi nisa, ya tambayi shekarar da ya fara, wanda ya koya masa, abin da ya fi ɓata masa rai a sana'ar. Can sai ka ji ya ce, "Ni fa azumi na kai goma nake rufe karɓar kaya. Gara in rasa kuɗin da in sa bawan Allah ya je idi da tsohuwar riga." To, ga tallar nan ta fito da bakin mai ita. Duk wanda ya taɓa kwana a shagon tela daren Salla yana jiran a sa wa rigarsa maɓalli ya san darajar wannan magana, ba sai an yi masa bayani ba.

Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, sai an bincika ko gaskiya ce. A tambayi mai shayin da ke maƙwabtaka da shi, a tambayi masu kawo ɗinki biyu ko uku ba a gabansa ba. In ya tabbata yana cika alkawari, a gina tallar a kai. In aka ji akasin haka, a nemi wani abin da yake da shi da gaske, ko da kuwa iya surfanin wuya ne kawai. Wannan mataki ɗalibai ke tsallakewa, kuma a wurina ya fi duk sauran muhimmanci. Mun taso da labarin da ya zo a hadisi na mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama, da irin tsawatarwar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa. Kyamara ta fi kowane hannu iya ɗora busasshe a sama. Wanda zai riƙe ta shekara talatin masu zuwa gara ya saba da wannan tsoron tun yana aji.

Da an samu magana ɗaya, sai a hana kowace magana shiga. Telan zai so a ce yana ɗinkin mata, yana sayar da yadi, yana koyar da yara. 'Yan rukuni ma kowa zai kawo tasa. Aikin darakta a nan shi ne ya ce a'a cikin ladabi har sau goma. Sai a zana fitowar a takarda, akwati-akwati, ko da zanen bai fi na ɗan firamare ba. Hannu yana rubuta suna da ranar karɓa a littafin shago. Allura tana bin wuyan shadda, kyamara ta matso har ana ganin zare yana kwanciya. Masu bugu suna sauke sandunansu a kan rigar, ƙyallinta yana tashi. Mai kaya ya yi sallama, kafin ya zauna an miƙo masa ledarsa, ya duba agogo ya yi murmushi. Sai sunan shago, lambar waya da kwatance. Fitowa biyar sun isa. Ta ƙarshen a bar ta ta daɗe a kan allo, aƙalla sakan biyar, kuma a yi kwatancen yadda mutanen gari ke yi, daura da masallaci kaza, bayan kemis kaza, domin ba wanda ke neman shago a Tudun Wada da lambar gida.

Maganar da murya za ta faɗa kuwa, a rubuta ta da Hausa tun daga farko. Duk mai sauraron rediyo ya san irin tallar da aka tsara a Legas da Turanci aka miƙa wa wani ya juya: kalmomin na Hausa ne, amma ba wanda ke magana haka a gidansu, kuma kunne na jin ta ya kau da kai. Jimla biyu sun wadatar, uku sun yi yawa. A karanta su da ƙarfi ana duba agogo. In mai karatu yana haki, a rage kalmomi, kada a ce ya ƙara sauri.

Ranar ɗauka, rana ce babbar fitila, kuma ba ta jiran wanda ya makara. Daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe tara haskenta mai taushi ne, haka bayan la'asar. Da tsakar rana tana zuwa daga sama, ta mai da idanun mutum ramuka biyu baƙaƙe. Shagon tela yawanci ciki duhu ne, ƙofa kuma haske ƙal, don haka in aka tsaya a ciki aka fuskanci ƙofa, telan zai zama inuwa. A roƙe shi a juyo da keken ɗinkin ya fuskanci waje, mai kyamara ya ba ƙofa baya, wani ya riƙe farin kwali daga gefe yana mayar da haske kan fuskar. In da waya ake ɗauka, a goge gilashinta, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan komai, a kuma kulle haske da saiti don kada hoton ya riƙa buɗewa yana rufewa duk sanda shadda ta yi walƙiya. Wanda ba shi da abin kafa kyamara ya jingina gwiwar hannunsa a kan tebur. A ɗauki kowace fitowa daga nesa, daga tsakiya da kuma daf, domin edita ba zai iya tace abin da ba a kawo masa ba. Mutum ɗaya kuma ya zama ba shi da aiki sai lura: hular da ke kan mai kaya a fitowa ta huɗu ita ce ta ɗazu? Tef ɗin awo yana wuyan tela ko ya sauka?

Sauti ne ke kayar da yawancin ayyukan ɗalibai. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya haƙuri da muryar da ba ya ji. Tudun Wada kuwa ba ta yin shiru: janareton maƙwabci, hon na 'yan acaɓa da Keke Napep, lasifikar mai magani. Kada a yi faɗa da su. A ɗauki ƙarar keken ɗinki da ta bugu daban, makirfo daf da su, a lokacin da layin ya ɗan lafa. Muryar mai talla kuma a ɗauke ta a ɗakin kwana da daddare, a kashe fanka, a jingina katifa a bango, a rataya bargo a bayan mai magana don amon ɗaki ya mutu. Sau da yawa za a tarar ƙarar keken da bugun sandunan sun wadatar, ba a bukatar kiɗa. Hakan ya ma fi, domin ɗauko waƙar wani mawaƙin Kannywood a shimfiɗa a ƙarƙashin talla ba da izininsa ba cin haƙƙi ne, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ba ta ware ɗalibi ba in aikinsa ya fita kasuwa.

Maganar izini ba ta tsaya a kan waƙa ba. Mutanen kasuwa suna da dalilinsu na ƙin kyamara, sun ga yadda ake ɗaukar mutum bai sani ba a wayi gari yana yawo a TikTok ana dariya. A gaida shugaban layi ko mai unguwa kafin a kafa komai. Matar da ta gifta a bayan hoto, in fuskarta ta fito, ko a nemi yardarta ko a sake ɗauka. Yaran da ke yawo da faranti a ka kuwa, ina roƙon a bar su. Na san suna ƙawata hoto, amma yarinyar da ya kamata a ce tana aji a wannan sa'a ba ado ba ce, kuma ba ta da bakin da za ta ce a'a.

Wurin tacewa edita ya zama telan kansa: yadin da ya fi kyau ma in ya wuce awo sai almakashi ya ci shi. Kullum akwai fitowa ɗaya da rukuni ya fi so, wadda aka sha wahala kafin a same ta, kuma sau da yawa ita ce ba ta da aiki a cikin tallar. A cire ta. Ko CapCut ake amfani da shi a waya ko DaVinci Resolve a kwamfuta, hukuncin ɗaya ne. A kuma tuna inda tallar za ta zauna. Malami zai kalle ta a faffaɗan allo, amma abokan cinikin tela a tsaye za su gan ta a waya, wasu ma ba tare da sun buɗe sauti ba, kuma da datar da suke lallaɓawa. Don haka a fitar da ita iri biyu, ta kwance da ta tsaye, rubutu ya zama manya, nauyinta kuma ya zama wanda za a iya turawa ba tare da an yi tsaki ba. Kafin a kai wa malami, a kai ta teburin mai shayi a nuna wa wanda bai san komai game da aikin ba, sau ɗaya tak, a tambaye shi me ake tallatawa, kuma ina shagon yake. In ya kasa amsa ɗaya daga ciki, a koma kan kwamfuta.

Ya kamata ɗalibi ya san cewa sana'ar da yake leƙawa tana da hukuma. Tun 1988 aka kafa APCON, a 2022 kuma sabuwar doka ta maye gurbinta da ARCON, wadda ke da hurumin tantance talla kafin a sake ta ga jama'a. Tallar magani da abinci kuma NAFDAC na da ta cewa a kai, shi ya sa nake hana ɗalibai kusantar masu maganin da ke cewa kwalba ɗaya tana warkar da cuta goma. Daga ranar 1 ga Oktoban 2022 ARCON ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallar da aka yi domin Najeriya. Ma'anar wannan ga yaron da ke Zariya ita ce ana bukatar masu murya da masu rubutu da suka iya harshen mutanensu.

Masu ganin talla ƙaramin aiki ne ga wanda ke burin zama babban darakta su duba Ridley Scott. Yana ɗalibi a Landan, farkon shekarun 1960, ya ɗauki gajeren fim da ƙanensa Tony yana yawo a kan keke a wani gari a arewacin Ingila. Daga nan ya shafe shekaru yana haɗa tallace-tallace, ciki har da ta burodin Hovis a 1973, wadda ita ma yaro ne da keke, kafin ya yi Alien a 1979 da Gladiator a 2000. A talla ya koyi yadda hoto ɗaya ke ɗaukar labari. Finafinanmu na Hausa, tun daga Turmin Danya a 1990, sun fi dogara da doguwar magana a falo, kuma ina da yaƙinin darakta da ya fara horuwa a kan sakan 30 zai rage wannan ciwo.

Saura abin da ke faruwa bayan an ba da maki, wanda a nan ne ake yawan cin amana. Tela ya ba da safiyarsa, an juya masa shago, ya dakatar da ɗinki ana tsakiyar kakarsa, sannan rukuni ya watse ba wanda ya sake leƙo shi. A koma a tura masa tallarsa a wayarsa, a nuna masa yadda zai ɗora ta, a kuma sake komawa bayan Salla a tambaye shi ko wani ya zo ya ce a waya ya gan shi. Ga malamai kuma ina da roƙo: ku sa sharaɗi cewa kowace talla ta zama ta mai sana'a na gaske da ke cikin gari, ku ware wani kaso na makin ga abin da shi mai sana'ar ya ce bayan ya kalla, ku kuma gayyace shi ya zauna a aji ranar da za a nuna ta.